Tara a Ƙofar Gidanka: Ɗan Haya da Kamfanonin Fakin a Ingila

A Ingila mutum yana iya biyan kuɗin hayarsa kan lokaci, yarjejeniyarsa ta ba shi wurin ajiye mota mai lamba kaza, ya ajiye motar a daidai wannan lamba, gari ya waye ya tarar da 'yar leda rawaya manne a gilashi ana binsa fam 100. Laifin da ya yi bai wuce cewa takardar izinin da aka ce ya riƙa ajiyewa a gaban mota ta zame ta faɗi ƙarƙashin kujera lokacin da ya buga ƙofa, ko rana ta kodar da rubutunta, ko tsohuwar ta ƙare sabuwar ba ta iso ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibanmu da ke haya a benayen Landan da Manchester da Birmingham suna cin karo da wannan takarda, kuma akasari ɗayan biyu suke yi. Wani ya biya da rawar jiki don gudun rigima a ƙasar mutane, wani ya yi kunnen uwar shegu don an ce masa takardar banza ce. Na farko ya yi asarar kuɗi, na biyu yana iya asarar abin da ya fi kuɗi.

Sai an fara sanin wanda ya manna takardar. Ƙaramar hukuma tana cin tara a kan titunanta da ikon da doka ta ba ta, kuma hanyar ƙorafinta daban take. Kamfani mai zaman kansa ba shi da wannan iko. Amma da yake takardun biyu duk PCN ake taƙaita sunansu, kuma kamfanoni suna sa tasu cikin leda mai kama da ta hukuma, baƙo ba ya bambancewa. Abin da kamfanin ke riƙe da shi da'awar kwangila ce. Cewa yake allon da ya kafa a bango tayi ne, kai kuma da ka ajiye mota a ƙarƙashinsa ka karɓi tayin, ka karya sharaɗi, ga farashin karyawar. Ba laifi ba ne da zai shiga kundin 'yan sanda, kuma ba ya zama bashin dole sai alƙali ya ce haka.

Kafin 2012 waɗannan kamfanoni ƙarfe suke ɗaura wa tayar mota, sai ka biya a kwance. A watan Oktoba na wannan shekara dokar da ake kira Protection of Freedoms Act ta haramta ɗaure taya da jan mota a filayen masu zaman kansu a Ingila da Wales. Sai dai da hannu ɗaya ta karɓe, da ɗayan ta bayar, domin ta ba kamfanoni damar bin wanda motar ke da rajista da sunansa idan ba a san direba ba, muddin sun cika wasu sharuɗɗa. Sunan da adireshin kuwa daga hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea suke saye, fam 2.50 kowane ɗaya. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 kamfanonin sun nemi irin waɗannan bayanai fiye da sau miliyan 12. Wannan tanadi na bin mai rajista bai haɗa da Scotland da Arewacin Ireland ba, don haka bayanin da ke tafe na Ingila da Wales ne.

Shari'ar da kamfanonin fakin suke taƙama da ita ita ce ta ParkingEye da Barry Beavis. Beavis, mai shagon soya kifi da dankali, ya ajiye motarsa a filin wasu kantuna a Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta, ya ƙara kusan awa ɗaya, aka aiko masa da takardar fam 85. Ya ƙi biya har maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Nuwamban 2015 ta ba kamfanin gaskiya. Hujjar alƙalan ita ce masu kantuna suna da buƙata ta halal su ga motoci na shiga suna fita don masu sayayya su samu wuri, allunan a bayyane suke, kuma Beavis ya ci moriyar awa biyun da aka ba shi. Tun daga ranar, kukan cewa kuɗin ya yi yawa ko kamfanin bai yi asarar komai ba ya daina tasiri a kotu. Duk wanda ya ba ka shawarar ka dogara da shi, tsohon labari yake ba ka.

To amma Beavis baƙo ne a filin wasu. Ɗan haya a gidansa yake, kuma a nan maganar ta sha bamban. Kwangila tana ƙulluwa ne idan kowane ɓangare ya ba ɗayan wani abu. Kamfanin ya ba Beavis izinin tsayawa wanda da ba shi da shi. Me ya ba mutumin da tun ranar da ya karɓi makulli yake da haƙƙin ajiye mota a lamba 14, kuma kuɗin wurin na cikin hayar da yake biya duk wata? Bai ba shi komai ba. Kamar mai gida ne ya ɗauki maigadi don ya hana ɓarayi shiga, maigadin ya wayi gari yana karɓar kuɗi a hannun masu ɗakuna kafin su shiga ɗakunansu. Allon da aka kafa daga baya ba ya goge yarjejeniyar da ta riga shi, balle wanda ya kafa shi ba ya cikin waɗanda suka sa mata hannu.

Dokar Ingila ta daɗe da tsayawa a kan cewa wanda ya ba da haƙƙi ba zai zagaya ta baya ya ƙwace shi ba. A 2001, a shari'ar Saeed da Plustrade, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce mamallakin gini ba zai iya tauye haƙƙin ajiye mota da yarjejeniya ta ba mazauniya ba. A 2012, a shari'ar Kettel da Bloomfold, Babbar Kotu ta hana wani mamallaki yin gini a kan wuraren ajiye motocin mazauna, duk da ya ce zai ba su wasu a madadinsu. Wadda ta fi kusa da batunmu ita ce ta Jopson da kamfanin Homeguard a 2016, a kotun gunduma ta Oxford. Matar ta tsayar da mota na 'yan mintuna a bakin benenta don ta shigar da kayan ɗaki, aka ba ta takarda. Alƙali Harris ya ce tsayawa don sauke kaya daban, ajiye mota daban, haƙƙin wucewa da yarjejeniyarta ta ba ta ya haɗa da irin wannan tsayawa, kuma kamfanin ba shi da hurumin rage shi. Hankali ma ya ba da haka. In da za a ci tarar duk wanda ya tsaya sauke buhun shinkafa ko tsohuwa mai sanda, ai zaman bene ba zai yiwu ba.

Kada dai mai karatu ya ɗauka an gama. Hukuncin kotun gunduma ba ya ɗaure wani alƙalin gunduma, jan hankalinsa kawai yake yi, kuma akwai mazauna da suka je da wannan hujja suka faɗi. Abin da ke raba mai nasara da mai faɗuwa kusan kullum lafazin takarda ne. Wasu yarjejeniyoyi sun ce ƙarara wurin ajiye mota yana cikin abin da aka ba ka, ba tare da sharaɗi ba. Wasu sun ce kana da damar ajiye mota amma bisa ƙa'idojin da masu kula da gini za su riƙa fitarwa lokaci zuwa lokaci. Wannan jimla ta biyu ita ce ƙofar da kamfanoni ke bi. Ko a nan akwai abin faɗa, domin ikon tsara yadda za a yi amfani da fili bai zama lallai ya haɗa da ikon ɗora wa mazauni biyan fam 100 ga wani kamfani na waje ba. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1987 ta nuna yadda sauya yarjejeniyoyin dogon zango na waɗanda suka sayi gida a bene yake da wuya: a ginin da ya wuce gida takwas, sai kashi 75 cikin ɗari na masu ruwa da tsaki sun yarda, masu adawa ba su wuce kashi 10 ba, sannan a kai gaban kotun da ke duba irin wannan. Wasiƙar da aka tura ta ƙarƙashin ƙofa ana sanar da cewa daga Litinin an kawo kamfanin fakin ba ta kai wannan matsayi ba.

Ɗan haya na wata-wata yana da wata matsala tasa ta daban, kuma a nan gizo ke saƙar. Benen Ingila hawa-hawa ne a mallaka kamar yadda yake a gini. A can sama akwai mamallakin ƙasa da ginin. Ƙasa da shi akwai wanda ya sayi gida ɗaya a ciki na shekara 99 ko 125 ko ma 999, wanda shi ne mai gidanka. A gefe akwai kamfanin da ke kula da ginin, mai share matakala da gyaran lifta, kuma akasari shi ne ya gayyato kamfanin fakin. Kai kana can ƙasa, ba ka da takarda da kowa sai mai gidanka, kuma ba zai iya ba ka abin da shi kansa ba shi da shi ba. Saboda haka takarda biyu kake buƙata: taka yarjejeniyar, da tasa ta dogon zango, musamman shafin da ya yi maganar wurin mota da taswirar da aka zagaye wurin da jan layi. Idan ya yi nauyin jiki wajen aiko ta, ana iya neman kwafi daga hukumar rajistar filaye da kuɗi kaɗan. Mu da muka saba da hayar baki da baki, inda mai gida zai nuna gindin bishiya ya ce ka riƙa ajiyewa a can kuma magana ta zauna, nan ne muke yawan tuntuɓe. Dillali ya ce akwai wurin mota, an yi murna an sa hannu, ba a duba an ga yarjejeniyar ba ta ambace shi ba. Idan haka ta faru, tallar gidan da aka sa a intanet, da saƙonnin dillali, da takardar lissafin kaya da aka miƙa maka tare da makulli da rimot ɗin get, duk suna taimakawa, amma ƙarfinsu bai kai na layi ɗaya a cikin yarjejeniya ba.

Sai kuma maganar takardar izinin kanta. Kamfani zai ce ai shekara guda kana manna ta, wannan ya nuna ka yarda da tsarin. Amsar da mazauna ke bayarwa ita ce sun manna ta ne don a zauna lafiya da sauƙaƙa wa mai zagaye, kuma kara ba ta zama wajibi. Amsa ce mai kyau, amma ta fi kyau idan tun kafin rigima ka rubuta wa masu kula da ginin haka. Abin da za a yi hattara da shi shi ne fom ɗin neman izinin. Wasu suna ɗauke da sharuɗɗa da ƙananan haruffa, kuma wanda ya sa hannu ko ya danna amincewa a waya yana iya ƙulla kwangilar da da babu ita.

Ranar da takarda ta zo, abu na farko hoto ne: motar a cikin layinta da lambar wurin a bayyane, allunan daga inda direba ke iya hango su, da yadda suke da dare idan babu fitila. Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi amfani duk da an fi raina shi, a rubuta wa mai gida da kamfanin kula da gini a ce su sa a soke. Su suka ɗauko kamfanin fakin, kuma saƙo ɗaya daga gare su yakan kashe maganar da ƙorafi uku ba su kashe ba. Za su iya cewa ba ruwansu. Da ruwansu, kuma doka ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni shiga ƙarƙashin wata hukumar sauraron koke, don haka akwai inda za a kai su. Mai gidanka ma yana da abin da zai rasa, tunda haƙƙin da ake takawa nasa ne, kuma gidan da mazauninsa ke shan tara ba ya daɗewa da ɗan haya.

Kada a buga wa kamfanin fakin waya, komai ya zama a rubuce. Ana da kwana 28 a aika musu da ƙorafi. Doka ba ta tilasta wa mai rajistar mota ya faɗi wanda ya tuƙa ta ba a irin wannan da'awa, kuma yin shiru ba ƙarya ba ne. Amfanin shirun shi ne, idan ba su san direba ba, dole su bi sharuɗɗan dokar 2012 sau da ƙafa kafin su kama mai rajista. Idan kyamara ce ta ɗauki lamba ba a manna komai a gilashi ba, wasiƙarsu ta iso cikin kwana 14. Idan an manna, wasiƙar ta zo bayan kwana 28 amma kada ta wuce 56. Akwai kuma bayanan da dole ta ƙunsa. Kamfanoni suna yin kuskure a nan fiye da yadda ake zato. Sai dai ga mazaunin da takardunsa ke da ƙarfi, wannan hujja ta biyu ce, kuma idan aka kai gaban alƙali ya tambaya wa ya tuƙa, gaskiya za a faɗa masa.

Rangwamen da ke jikin takardar shi ne ƙugiyar. Fam 100 ne, amma idan ka biya cikin kwana 14 ya koma 60. An tsara shi daidai yadda mai aikin dare a asibiti zai duba ya ga fam 60 ta fi masa sauƙi a kan neman takardu da rubuce-rubuce, kuma da zarar ya biya ƙofar ƙorafi ta rufe. Ga wanda ya tsaya a kanti sau ɗaya, wataƙila lissafin ya yi. Mazauni kuwa gobe ma a nan zai kwana, jibi ma haka, kuma mai zagaye ya riga ya gane motar. Takarda goma da aka bari suka kai hannun masu karɓar bashi, inda kowace ke komawa fam 170, fam 1,700 ke nan. Shi ya sa tsarin da aka kawo da sunan korar baƙi masu cin wuri yakan ƙare a kan masu gida, domin baƙo yana jin zafi sau ɗaya ya daina zuwa, su kuwa ba inda za su. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar ko kwabo daga masu gini, daga takardun suke ci. Wanda abincinsa ke fitowa daga kuskuren mutane ba zai so kuskure ya ƙare ba.

Idan kamfanin ya ƙi ƙorafin, wanda shi ne aka fi gani, akwai mataki na biyu kyauta. Kamfanonin da ke ƙungiyar masu fakin ta BPA ana kai su gaban masu sauraron ƙorafi na POPLA da lambar da za su ba ka a wasiƙar ƙin, na ƙungiyar IPC kuma IAS. Hukuncinsu yana ɗaure kamfanin idan ka ci, amma ba ya ɗaure ka idan ka faɗi, sai dai rangwamen yakan tafi. Kada a sa musu rai da yawa. Da kuɗin masana'antar suke aiki, kuma sun fi sabawa da duba allo da ranaku a kan warware yarjejeniyar gida, wadda aikin alƙali ce. Ƙa'idar bai ɗaya da ƙungiyoyin biyu suka fara aiki da ita a Oktoban 2024 ta tanadi rage kuɗin zuwa fam 20 ga wanda yake da izini mai aiki amma bai nuna shi ba. Wanda ya ga ya karɓa ya huta, ba zan ga laifinsa ba, amma ya sani cewa ya biya ne don ya kwana a wurin da ya riga ya biya.

Daga nan sai wasiƙun masu karɓar bashi su fara sauka, kuɗin ya koma fam 170, da jan rubutu da kalmomin ban tsoro. Waɗannan ba su da ikon shiga gidanka ko ɗaukar ko da cokali. Takardu biyu ne ba a wasa da su. Ta farko wasiƙar gargaɗi kafin ƙara, wadda ke ba da kwana 30 a amsa. Ta biyu takardar ƙara ta kotu, wadda galibi daga cibiyar Northampton take fitowa. Kwana 14 ne a amsa ta, ko 28 idan an fara sanar da kotu cewa an karɓa kuma za a kare kai. Wanda ya yi shiru za a yanke masa hukunci a bayan idonsa, wanda ake kira CCJ, kuma idan bai biya cikin wata guda ba sunansa zai zauna a rajista shekara shida. Da wannan tabo samun sabuwar haya, ko wayar biya-a-hankali, ko bashin sayen gida duk sai sun gagara. Kamfani yana da shekara shida na shigar da ƙara, shi ya sa takardar da aka manta da ita tun ana ɗalibi take iya biyo mutum bayan ya sauya gida uku. Ɗan haya mai yawan ƙaura ya tuna cewa sauya adireshi a lasin tuƙi daban ne da sauya shi a takardar rajistar mota ta V5C. Mutane da dama ba su san an kai su kotu ba sai da banki ya juya musu baya, saboda sammacin yana can tsohon gida, kuma neman a soke irin wannan hukunci kuɗin shigarwarsa kaɗai ya haura fam 300.

Ita kotun ba abin firgita ba ce. Sashen ƙananan da'awa ne, ɗaki ne da tebur, ba a buƙatar lauya, kuma tun Mayun 2024 akan fara da zaman sulhu ta waya. Wanda ya faɗi yakan biya kuɗin takardar da na kotu da ɗan abin da aka ƙayyade, kuma idan ya biya cikin wata guda babu tabo. Ba sabon abu ba ne kamfani ya janye ana dab da zama idan ya ga kariyar da aka shigar tana ɗauke da yarjejeniya da taswira, domin cinikinsu a kan masu shiru yake.

Gwamnati ta san da duk wannan. A 2019 majalisa ta zartar da dokar da ɗan majalisa Greg Knight ya kawo, wadda ta umarci a fitar da ƙa'ida ta hukuma. An fitar da ita a Fabrairun 2022, za ta rage yawancin kuɗin zuwa fam 50 ta kuma hana ƙarin masu karɓar bashi. Kamfanoni suka garzaya kotu, a watan Yuni aka janye ta. A 2025 aka sake buɗe jin ra'ayin jama'a. Ni dai ina ganin ko an rage kuɗin ba a taɓo ciwon mazauna ba. Gyaran da suke buƙata ƙarami ne: a ajiye lambobin motocin masu gida a jeri, duk motar da ke cikinsa kada a taɓa ta, da takarda a gilashi ko babu. Kamfanin da ke iya karanta lambar mota da kyamara cikin duhu ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Kai kuma da kake neman gida yanzu a Leeds ko Coventry ko wani gari, kafin ka sa hannu ka nemi a rubuta lambar wurin motar a cikin yarjejeniya, ka tambaya ko akwai kamfanin fakin a ginin, ka karɓi kwafin shafin da ya ba mai gidan haƙƙin wurin. Idan dillali ya ce maka ai kowa ya san wurin na gidan ne, ka ce masa ya rubuta.